Musayar waƙa: Vijay ko Ravi, wa kake baya?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a, jiya da aka kawo wuta na sake kallon fim ɗin Indiya Deewaar na 1975, na Amitabh da Shashi Kapoor, wa da ƙani, Vijay ɗan fasa-ƙwauri Ravi ɗan sanda, wallahi har yanzu ƙarshen nan bai kwanta min ba. Ga nawa, mai ja ya ja.

Vijay bai fara da mugunta ba,
Tun yana yaro bai san daɗi ba.
An zana masa a hannu wai uban ɓarawo ne,
Shi ko allurar wani bai ɗauka ba.
Uwa na dakon bulo a Bombay,
Mai ginin bai tausaya mata ba.
Ya goge takalma don ƙani ya yi boko,
Wa zai ce wannan ba ɗan halak ba?

Maman Hanif:
Hmm Yaya ka taɓo ni, tuwo na kan wuta amma sai na amsa.

Yaya Ɗan Fagge, mu faɗi gaskiya,
Wahala ba ta wanke ƙazamar dukiya.
Ciki ɗaya suka fito, yunwarsu ɗaya,
Me ya hana Ravi safarar zinariya?
Ya sayi benen da ta yi wa dako,
Uwar ta ce ba ta so, ta juya baya,
Ta bi mai ɗan albashi ɗakin haya.

Baba Mai Rediyo:
Ku yara a waya kuka gan shi, mu a silima muka kalla a Kano, kujerar sulalla, kuma in faɗa muku duk wanda ke ciki Vijay yake wa tafi har da masu sallah a sahun gaba, lokacin da ya kulle ƙofar sito ya jefa wa ogan 'yan karɓar kuɗin nan makulli ya ce ya sa a aljihu ya jibge su ai sai da wuri ya kaure da fito. To 'yata saurara.

'Yata kin manta yaron burodi?
Ravi ya bi shi da gudu, ya sakar masa harsashi.
Ya zaci babban ɓarawo ya kama,
Ashe yunwar gida ce ta koro shi.
Kaki fari ne, ban musa miki ba,
Amma akwai ɗigon jini a jikin shi.

Maman Hanif:
Baba ban manta ba, Allah Ya ƙara girma, amma ai shi Ravi da ƙafarsa ya kai musu abinci gida yana jin kunya, kuma abin ne ma ya sa ya karɓi fayil ɗin yayansa da ya ƙi karɓa da farko.

Wanda ya harbi ɗan wani kan burodi,
Da wane ido zai ƙyale ɗan ɗakinsu?

Ɗan Fagge:
Kai wannan ta shige ni 😂 amma ban sauka ba.

Lambar dako ce a aljihunsa,
786, lissafin Bisimilla.
Sau nawa ta tare masa harsashi?
Ranar da ta faɗi aka gama magana.
In mugu ne shi har cikin zuciya,
Me ya sa muka yi kuka, Hajiya?

Maman Hanif:
Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba.

Uwar ce ta miƙa wa Ravi bindiga,
Sannan ta tafi wurin bauta jiran babba.
Hannu ya ba ƙarami, cinya ta karɓi gawa,
Kai da ba ka haihu ba, ba za ka gane ba.

Baba Mai Rediyo:
To fa, an zo wurin. Ɗan Fagge sai ka yi aure ka dawo mu ci gaba, ke kuma je ki duba tuwon nan kafin ya kama.