AhR a ɗakin gwaji: inda sakamako ke ruɗa mutum

Malam Sani, Gombe:
Salamu alaikum. Masu aiki da AhR, kowa ya kawo abin da ya gani a benci. Ga sababbin shiga: AhR (aryl hydrocarbon receptor) furotin ne mai karɓar sinadarai da ke zaune cikin ƙwayar halitta, wani furotin mai suna HSP90 na riƙe da shi. Da sinadari ya kama shi sai ya shige cibiyar ƙwayar, ya haɗu da furotin ARNT, su kunna samar da CYP1A1, furotin da ke narkar da sinadarai. Ƙofar ɗaya ce, amma kowane baƙon sinadari da irin saƙonsa ga garkuwar jiki.

Dakta Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun 2008 aka nuna a ɓeraye cewa gubar dayoksin mai suna TCDD na ƙara ƙwayoyin garkuwa na Treg masu kwantar da kumburi, FICZ kuwa, wani sinadarin da shi ma ke kama AhR, na ingiza ƙwayoyin Th17 masu tada kumburi. Galibin bambancin daga tsawon lokacin da kowannensu ke daɗewa yake. CYP1A1 ɗin da FICZ ya kunna shi ke cinye shi cikin 'yan awoyi. TCDD ba ya ciyuwa haka, a jikin mutum sai shekara 7 zuwa 11 rabinsa ke fita. Wanda ya zuba FICZ ya jira awa 24 zai rantse bai yi aiki ba. A auna saƙon (mRNA) na CYP1A1 tsakanin awa 3 da 6.

Ibrahim Kumo:
Dakta, a ƙara da haske. Ruwan renon ƙwayoyi na ɗauke da tiriftofan, ɗaya daga tubalan furotin, kuma haske na mai da shi FICZ. Kwalba ta yini bakin taga da ranar Gombe, shi ke nan, AhR ya kunnu ko a ramin farantin gwaji da ba a zuba wa komai ba, me za ka kwatanta da shi? A naɗe ta da takardar alminiyam, a mayar firji. Kuma ruwan reno na IMDM ya fi na RPMI fitar da Th17, kada a sauya ruwa ana tsakiyar aiki. A ware rami ɗaya na CH-223191, sinadarin toshe AhR. In ya toshe AhR amma sakamakon bai motsa ba, wani abu ne daban ya jawo shi, ba AhR ba. DMSO, ruwan narka sinadaran, kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari.

Maman Yusra:
Sinadarin kabeji, I3C, sai ya haɗu da tsamin ciki yake zama sinadarin ICZ mai ƙarfin kama AhR, don haka zuba shi kai tsaye a kwano ba daidai yake da ci ba. Sannan Malam Ibrahim, kafin a ɗebi jinin masu sa kai a tambaye su taba, girkin itace da babbaka da taya. Hayaƙin nan ya riga ya kunna musu AhR tun daga gida.