Wai da gaske Janar Gowon ya koma ɗalibi bayan an kifar da shi?

Jikan Saja:
Assalamu alaikum 'yan dandali. Kakana tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa a runduna ta ɗaya ƙarƙashin Kanar Shuwa. Har ya rasu hoton Gowon na rataye a ɗakinsa, gilashin ya tsage ta gefe amma bai taɓa yarda a sauke shi ba. In hira ta kai kan juyin mulkin 1975, sai ya girgiza kai ya ce, wai mutumin da ya ci yaƙi ne ya koma bin layin abinci da tire a hannu cikin 'yan makaranta. Ni dai na ɗauka gishirin tsofaffi ne. Akwai wanda ya san gaskiyar lamarin?

Baban Hajara:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, bai ƙara gishiri ba. Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, ranar 29 ga Yulin 1975, Kanar Joe Garba ya sanar a rediyo cewa an kawar da gwamnatinsa. Bai tayar da jijiyar wuya ba. Ya wuce Ingila, ya shiga Jami'ar Warwick yana karanta kimiyyar siyasa, kuma can aka ɗauki hoton nan na layin abinci da jaridu suka yi ta bugawa. Bai tsaya ba sai da ya yi digirin digirgir a 1983.

Ka tuna yana laftanar kanar ɗan shekara 31 mulki ya faɗo masa a 1966. Kwalejin Barewa ya yi, sai makarantar horar da hafsoshin soja ta Sandhurst a Ingila. Kafin Warwick, jami'a bai taɓa shiga ba.

Mai Ja-in-ja:
Malam, kada a wanke shi tas. Shi ya yi alƙawarin miƙa mulki a 1976, ranar 1 ga Oktoban 1974 ya ce hakan ba zai yiwu ba. Kuma ƙawanyar da aka yi wa Biyafara ta jawo yunwar da ta ci ƙananan yara ba adadi, ga kisan fararen hula da sojojin tarayya suka yi a Asaba a 1967. In za a faɗa, a faɗa duka.

Baban Hajara:
Ban musa ko ɗaya ba, ɗan'uwa. Sai dai abin da ke tsaya mini a rai shi ne ranar 15 ga Janairun 1970, da Philip Effiong, wanda ya karɓi jagorancin Biyafara daga Ojukwu, ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya. Gowon rungume shi ya yi, ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. Ba a jera jagororin Biyafara an harbe ba, alhali yana da ikon yi.

Shi kuwa da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin, ya ambaci sunan Gowon. Ya musanta, amma aka tuɓe masa muƙami, aka nemi Ingila ta miƙo shi, ta ƙi. Sai Shagari ne ya yi masa afuwa a 1981, Babangida ya mayar masa da muƙaminsa a 1987. Daga baya ya shiga ƙauyuka yaƙi da ciwon kurkunu tare da cibiyar Jimmy Carter.

Jikan Saja:
Na gode ƙwarai, Baba. Ashe shekara da shekaru ina yi wa tsoho dariya a banza. Hoton yana wajen gwaggona yanzu, gobe zan karɓo in kai a sake masa gilashi.