Wai da gaske gwamnati na biyan mai fadama ya bar wa ruwa wurinsa?

Ɗan Misau:
Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. Muna da fadamar gado, akwai wani tafki a tsakiyarta da can ruwa na kaiwa har bazara, yanzu yashi ya cinye rabinsa, yayana na so mu turo ƙasa mu cike sauran mu ƙara filin shinkafa. Sai wani yake ce min a Amurka biyan manomi ake ya bar irin wannan wuri. Haka ne ko labarin ƙanzon kurege ne? Kuma akwai irinsa a nan?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, tun 1990 suka kawo shirin Wetlands Reserve Program, a 2014 aka haɗe shi da wasu shirye-shiryen. Filin na nan da sunanka, gwamnati ta biya ka ka daina noma wurin na shekara 30 ko har abada, kuma ta sa kuɗin toshe magudanan da aka haƙa domin ruwa ya dawo. Namu salon daban ne. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, gyaran ƙasar da ta lalace ne, kuma ta ƙungiyoyin al'umma ake bi, don haka ku haɗu da maƙwabtan fadamar ku yi rajista tukuna. Af, tafkin Maladumba da ke ƙaramar hukumarku ma ai yana cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayi ta amince da su tun 2008.

Baban Khalifa:
Malam ka faɗi na Amurka amma baka faɗi cewa su suna da takardar fili ba. Mu fa dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, yawancin fadamun gado ba wata takarda sai shaidar mai unguwa da dattawa, ka bar wuri shekara biyar ba garma wani zai ce ba mai shi. Kuma noman rani shi ne abincin gida, wa zai bar wurin da zai ba shi buhunan shinkafa don agwagin ruwa su samu wurin wanka? A biya tukun, ni kam.

Maman Hanifa Azare:
Baban Khalifa ka yi gaskiya a batun takarda, amma ɗan'uwa Ɗan Misau kar ku cike tafkin nan wallahi, ko ba a biya ku sisi ba. Shi ke shayar da rijiyoyin ban ruwanku ta ƙasa. A fadamar su maigidana an cike wani kududdufi haka, shekarar farko kowa na murna, daga baya tun watan uku inji sai ya riƙa tari yana zuƙo iska, tiyo na tofo laka, albasa ta kwanta kafin ta yi kai, ga fetur ana ta ƙonawa a banza. Sannan in damina ta yi ƙarfi ruwan da zai kwanta a tafkin ina zai je? Mun ga ambaliyar da aka yi a Zaki da Gamawa a 2022.

Sarkin Ruwa:
Ƙari kan maganar Hajiya, ba tara ruwa kawai ba ne gyara. Ku dubi dausayin Haɗeja da Nguru, bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya tafi a kan lokacinsa, sai kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale baya wucewa, jan-baki suka samu gidan kwana suna cinye shinkafar mutane. Tafki na son ya cika da damina ya ja baya da rani. Ku yashe shi, kacalla na fitowa ku sare ta ƙasa da ruwa tun tana ƙarama, ku bar ciyawa a gaɓa ta tare yashi. Kuma ku zauna da Fulanin yankin ku ware mashaya gefe ɗaya tun kafin ruwa ya dawo, in ba haka ba rigima ce.

Ɗan Misau:
Na gode kwarai, zan nuna wa Yaya wannan. Sarkin Ruwa, yasar da hannu za ta yiwu in mun yi gayya ko dole sai an ɗauko hayar mota? Kuma yashin da aka kwaso ina ya fi a zuba shi kar damina ta sake mayar da shi ciki?