'Yan tsakina suna kashin jini, don Allah a taimaka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da 'yan tsaki 14, yau kwanansu 26 da ƙyanƙyashewa. Shekaranjiya na lura biyu sun ware gefe sun yi jugum, fuka-fukai a sake, gashi a tashe, ido a lumshe. Jiya da safe na ɗaga mazubin ruwansu, sai ga kashi ja-ja haɗe da majina a ƙarƙashinsa. Da daddare ɗaya ta mutu, ita ce ma wadda ta fi kowa rawar kai wajen abinci. Da na ɗauke ta sai na ji ta sakayau, ƙashin ƙirjinta har sukar yatsa yake. Yanzu huɗu ne suka takure. Ba tari, ba atishawa, wuyansu bai murɗe ba. Na zuba musu bitamin a ruwa. Da manyan kaji na saba, ƙanana wannan ne karon farko.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Kafin komai, ware waɗannan huɗun a kwali, ki sa musu ɗumi. Wanda ya kasa shan ruwa ki tsoma masa baki kawai ki sake shi, kada ki ɗura masa, ruwan zai iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Sai ki nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta ki ba su.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi daidai a warewa, amma maganar magani a gyara. Kashin jini a wannan shekarun, tsakanin sati 3 zuwa 6, alamar koksidiyosis ce. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Eimeria take cin bangon hanjinsu, shi ya sa jini yake fita, abin da suka ci kuma ba ya kama jiki. Yawancin magungunan bakteriya da aka saba ba kaji ba sa kashe ta. Abin da ake ba su shi ne amprolium a ruwan sha, kwana 5 zuwa 7, awo yadda aka rubuta a jikin takardar. Duka garken za ki ba, har masu tsalle-tsalle, domin duk sun tsattsagi wuri ɗaya. Kullum ki haɗa sabo, kuma kada su samu wani ruwan ban da shi.

Bitamin ɗin nan kuwa ki dakatar da shi yau. Amprolium yana aiki ne ta hana ƙwayar samun bitamin B1, to idan kina zuba B1 a ruwa, kina ba ta abin da maganin yake ƙwace mata ke nan. Bayan an gama maganin sai ki ba su.

Ina so in tambaye ki: shimfiɗar da ke ƙarƙashin mazubin nan, a bushe take? Ƙwan cutar yana fita a kashi, amma ba ya iya kama wani tsako sai ya samu laima da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. Ni na taɓa rasa bakwai a sati guda ina ta canza magani, ashe mazubin ruwana ne ya tsage yana ɗiga.

Mai tambaya:
Wallahi Malam kamar kana wurin. Na sa hannu yanzu, garin katakon ya cure ya yi kamar laka, ga wari. Tun da na shimfiɗa shi ƙari kawai nake yi a kai, ban taɓa kwashewa ba.

Amsa ta biyu:
To kwashe shi duka, ki zuba busasshe, ki ɗora mazubin a kan bulo yadda ba za su taka ciki ba. Wanda kashi ya toshe wa dubura ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki goge a hankali, kada ki ɓalle shi a bushe, da fata yake fita.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan. Cutar Gumboro ma a wannan shekarun take kamu, sai dai kashinta fari ne tsululu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Idan kwana biyu suka wuce ba sauƙi, ki kai wanda ya mutu wurin likitan dabbobi ya buɗe hanjin, nan take zai gane.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yau kwana huɗu da fara maganin. Na ƙara rasa ɗaya a daren farko, saura 12. Jinin ya ɗauke tun jiya, uku na cikin kwalin har sun fara faɗa a kan abinci. Tambayata yanzu, in mayar da su cikin 'yan uwansu, ko in bari sai an kammala kwana bakwai?