Ƙaramar bindigar aljihu: shawarar masu riƙe ta a Amurka

Masu yawo da bindiga bisa doka a Amurka sun rabu kan harsashi. Wasu na ganin ƙaramin harsashi mai suna .380 ACP ya isa, musamman a bindigar Ruger LCP da ke shiga aljihu ba nauyi. Wasu sun dage kan 9mm, harsashin da ya fi shi ƙarfi, a bindiga irin Sig Sauer P365 ta 2018 mai cin harsashi 10. Amma fa ƙaramar bindiga tana dukan hannu idan an harba, saiti kuma ya yi wuya, don haka aka fi cewa a gwada ta a filin atisaye kafin a saya. Kube mai rufe kunama wajibi ne, kuma kada a haɗa ta aljihu ɗaya da makulli. Dokar lasisi kuwa kowace jiha da tata.