Muhawara: A ajin tarihi, takardun asali ne gaba ko lacca?

Malamar kwaleji: Assalamu alaikum. Ga maganar da na daɗe ina so mu tattauna. Ni dai a ganina, wanda ya gama sakandare ya shigo kwaleji ko jami'a ya wuce a tsaya masa a gaban allo awa biyu ana zuba masa shekaru da sunayen sarakuna. Lacca da hadda ba sa fitar da masanin tarihi. A miƙa masa takardun asali, wato waɗanda aka rubuta a zamanin da abin ya faru, tun makon farko, ya karanta da idonsa, ya yi gardama da su.

Misalin abin da na yi a zangon da ya wuce: yarjejeniyar Wuchale ta 1889 tsakanin Sarki Menelik na biyu na Habasha da Italiya. Na raba ajin gida biyu. Ɓangare ɗaya na ba su fassarar sashe na 17 daga kwafin Italiyanci, wanda ya wajabta wa Habasha ta bi ta hannun Italiya a duk huldarta da ƙasashen waje. Ɗaya ɓangaren na ba su fassarar kwafin Amharik, wanda ya ce sarkin yana iya yin hakan idan ya ga dama. Ban gaya musu akwai bambanci ba, na ce kowane ɓangare ya faɗa mana matsayin Habasha. Minti goma ba a yi ba aji ya kaure. Wata ɗaliba da ba ta taɓa buɗe baki a ajina ba ta miƙe, ta karɓi takardar ɗaya ɓangaren, ta jera ta da tata a kan tebur tana bi da yatsa, sai ta ce, "Malama, ai ba abu ɗaya suka sa wa hannu ba." Daga nan ban sha wahalar bayanin dalilin da ya sa Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893 ba, da yadda aka kai ga yaƙin Adwa a ranar 1 ga Maris 1896.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Malama, darasin nan ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma wa ya zaɓo sashe na 17 daga cikin yarjejeniyar? Ke ce. Kuma kin iya zaɓowa ne saboda wani ya taɓa zaunar da ke ya ba ki labarin daga farko har ƙarshe. Abin da kike son hana ɗalibanki, shi ne ya ba ki wannan idon.

Batun shekaru kuwa, a nan na fi ja. Ɗauki Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914. Ostiriya ta ba Sabiya wa'adi ranar 23 ga Yuli, ta shelanta yaƙi a kanta ranar 28. Rasha ta ba da umarnin tara sojojinta gaba ɗaya ranar 30. Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3, Birtaniya ta shigo ranar 4. Ɗalibin da bai riƙe wannan jerin a ka ba, ta yaya zai yi magana a kan wanda ya jawo yaƙin? Idan ya sa shirin Rasha bayan shelar Jamus, hujjarsa duka ta kife. Ba a gini sai da tubali.

Ɗalibin aji uku: Malamaina, a yi mini afuwa in sa baki. Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ba haka ake ba mu shekarun ba. Ana ba mu su ne a jere a takardar darasi, mu haddace, mu juye ranar jarrabawa, bayan mako biyu sun bi iska. Ni shekarar taron Balin, wanda manyan ƙasashe suka yi a kan Afirka, na riƙe tun sakandare, 1884 zuwa 1885, amma har na shigo aji biyu ina ɗauka a wurin ne aka shimfiɗa taswira aka zana iyakokin Afirka kaf.

Malamar kwaleji: Yawwa, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Da an ba ka takardar da ƙasashe 14 suka sa wa hannu a ranar 26 ga Fabrairu 1885, da ka ga abin da ke ciki: 'yancin ciniki a yankin kogin Kwango, zirga-zirgar jiragen ruwa a Kwango da Neja, batun cinikin bayi, da sharaɗin cewa duk ƙasar da ta mamaye wani sabon wuri a gaɓar teku ta sanar da sauran. Mafi yawan iyakokin an yanka su ne daga baya, a yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe biyu-biyu, kamar ta Birtaniya da Faransa a 1890 da 1898. Kuma da ka duba jerin waɗanda suka sa hannu, da ka lura da kanka cewa babu wakilin wata masarautar Afirka ko ɗaya.

Malamin koyar da dabarun koyarwa: Ina tare da Malama a kan manufa, amma ina da aji mai ɗalibai fiye da ɗari biyu da zango mai mako goma sha biyu. Idan kowane darasi sai an raba takardu an yi gardama, kashi ɗaya cikin uku na manhaja ba za mu ci ba. Sannan akwai hatsarin da ba a faɗa ba: ɗalibin da bai san zamanin ba yakan ɗauki takardar asali kamar wahayi. Na taɓa ba su rahoton wani jami'in mulkin mallaka, sama da rabin ajin suka kwafe hukuncinsa a kan mutanen da ya mulka suka mayar da shi nasu. Babu wanda ya tambayi wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, me yake nema a wurin shugabanninsa.

Tsohon malami: Ka ji ko, Malama. Tun a ƙarni na 14 masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi kuka da masu ɗauko labari su wuce da shi ba tare da sun auna shi da yanayin al'umma da abin da hankali zai ɗauka ba. To da me yaro zai auna, idan bai san yanayin ba?

Malamar kwaleji: Baba, na karɓi wannan, kuma na janye kalmar "tun makon farko" idan ana nufin a jefa su ruwa ba a koya musu iyo ba. Amma abin da Malam ya gani a ajinsa hujjata ce. Sun gaskata jami'in ne saboda shekara da shekaru an saba musu da cewa duk abin da ke rubuce amsa ce. Tambayoyin nan uku da ya ambata, ba a koyonsu da sauraro, sai an yi ta yi ana kuskure ana gyarawa. Abin da nake yi yanzu: minti ashirin na farko in ba da shimfiɗa, har da shekaru biyar ko shida da dole a riƙe, sauran lokacin takarda ɗaya tak, wadda ba ta wuce shafi ba. A babban aji ma yana yiwuwa, kowa ya juya ga na kusa da shi.

Tsohon malami: Minti ashirin ya yi kaɗan ga 'yan aji ɗaya. A ba su zango guda cikakke na labari a jere tukuna, takardu su biyo baya. A nan ban sauka ba.

Ɗalibin aji uku: Ni roƙona ɗaya ne. Duk wadda aka zaɓa, a sa ta a jarrabawa. Muddin tambayar ita ce "kawo dalilai biyar", dalilai biyar za mu haddace, ko da kuwa an yi zango guda ana gardama a kan takardu.

Malamin koyar da dabarun koyarwa: Wannan a hannunmu yake. Malama, ki turo mini fassarorin sashe na 17 guda biyun. Zan sa su a tambaya ɗaya cikin huɗu a jarrabawar wannan zangon, sauran ukun in bar su yadda Baba yake so, in kawo muku takardun amsar mu duba tare.