Shin hoton da jarida ta biya kuɗinsa ya zama nata har abada?

Edita: Matsayina shi ne, duk hoton da gidan jarida ya biya kuɗinsa ya shiga rumbunsa ke nan, kuma yana da ikon sake sa shi a bugun takarda da shafin intanet da Facebook, har da littafin da zai fitar nan gaba, ba sai ya koma neman izinin kowa ba.

Mai ɗaukar hoto: Yallaɓai, ban yarda ba. Mu da ba ma'aikatanku ba ne, kuɗin bugu ɗaya kuke ba mu. Na taɓa sayar wa wata jarida hoton hawan Daushe na Kano, daga baya na gan shi a kalandar wani kamfani, ba sunana, ba ko sisin kwabo.

Lauya: Malam yana da hujja. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta fara ba da haƙƙin ne ga wanda ya ƙirƙiri aiki, kuma miƙa shi ɗungurungum ga wani ba ya tabbata sai da rubutacciyar yarjejeniya. Izinin amfani kuwa ana iya bayar da shi da baki, amma izini daban, mallaka daban. Kariyar hoto tana kai wa shekara 50 daga fitowarsa ta farko.

Mai kula da rumbun ajiya: Barista, ko da an sa hannu a yarjejeniyar, wa zai tuna da ita bayan shekara biyar? Yawancin hotuna ta WhatsApp suke zuwa mana, shi kuwa yana matse hoto ya goge bayanan da ke jikinsa, sai a bar mu da fayil mai suna lambobi zalla, babu sunan mai ɗauka, babu rana, babu gari. Ta haka ne ake ɗauko hoton tsohuwar ambaliya a liƙa wa labarin ta bana, abin da ke zubar da mutuncin jarida. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, kowanne yana ɗauke da ranar fitowarsa, shi ya sa masu bincike suke dogara da su har gobe, alhali hoton da muka karɓa bara ba mu iya cewa na yaushe ne.

Edita: Hajiya, na amince a wajabta rubuta waɗannan bayanai kafin hoto ya shiga rumbu. Sai dai ƙaramar jarida ba za ta iya biyan hoto ɗaya sau uku ba.

Mai ɗaukar hoto: To a faɗa mana tun farko cewa ana son hoton ne don takarda da intanet da littafi, mu yanka farashi a kan haka, a rubuta, kowa ya riƙe kofensa. Na kalanda kuma ciniki ne daban.